Ramukan Ɗakin Baba

Mai kafet bai ko kwance naɗin da ya zo da shi ba. Ya jingine shi a baranda, ya cire takalmi, ya taka ɗakin daga bakin ƙofa zuwa taga, ya dawo, ya sake komawa, kamar mai neman allura. Sannan ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Oga, wannan ai ba daɓe ba ne. Hanyar ƙauye ce bayan damina."

Auta ya duba agogo. Shekararsa arba'in da bakwai, yana da furfura a gemu, da digiri biyu, da mataimaki a ofis, amma a gidan nan sunansa Auta, kuma ga dukkan alamu da sunan za a binne shi. Ya ɗauki hutun kwana uku daga sashen tsare-tsare inda yake aiki, ya kuma rubuta wa kwana ukun tsari a takarda: ranar farko a fitar da kaya a ɗaye tsohuwar leda, ta biyu a shimfiɗa kafet, ta uku a dawo da Baba. Yau ce ta biyu, kuma har ƙarfe goma ta gota.

"Ba soso za ka sa a ƙasa ba? Ai soson zai ɓoye komai."

"Soso ba ya ɓoye komai, Oga. Kafet kamar sabon suruki yake. Wata ɗaya zai yi yana rufa maka asiri, daga nan sai ya fara nuna wa duniya abin da ke ƙasa. Zo ka gani."

Ya nuna masa da ɗan yatsan ƙafa. A bakin ƙofa akwai rami mai faɗin babban faranti, zurfinsa ya kai yatsa biyu. Daga gindin gado zuwa ƙofar banɗaki wani tudu ya miƙe siriri kamar jijiya, inda aka taɓa rushe bango aka ƙara wa ɗakin faɗi. Daga tsakiyar ɗakin kuma ƙasar ta fara gangara zuwa taga, a hankali, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

"Ka nemo birkila ya daidaita maka shi. In ya bushe ka kira ni. In na shimfiɗa a kan wannan, sunana za a zaga, ba naka ba."

Ɗakin na Baba ne, tsohon direban babbar mota, wanda ya gina gidan nan ɗaki-ɗaki duk lokacin da wata tafiya ta yi albarka, kuma kowane karo da magini daban, domin Baba bai taɓa rabuwa da magini ta daɗi ba. Shekara shida ke nan da hawan jinin ido ya cinye masa gani, kaɗan-kaɗan, yadda gara take cin ƙyaure. Duk da haka bai taɓa yarda a riƙe masa hannu a cikin ɗakinsa ba. Daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kujerar gindin taga inda rediyonsa yake, daga nan zuwa ƙofa, yakan tafi ba sanda ba lalube, har wani baƙo ya taɓa jan Auta gefe ya tambaye shi ko tsohon yana ɗan gani ne yana ɓoyewa.

Shekaran jiya ya faɗi a bakin ƙofa, ya fasa gira, aka yi masa ɗinki huɗu.

Yaya ce ta zo, babbar 'yarsa, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya daga asibiti, ko da yake ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba. Ta haɗa masa jaka, ta sa shi a mota, ta kai shi gidanta da ke hawa na uku. Kafin ta ja motar ta sauke gilashi.

"Kwana goma na ba ka, Auta. Ka gyara ɗakin nan, in zo in duba da idona. In ban gamsu ba, Baba ya zauna wurina ke nan. Ba zan jira sai ƙugu ya karye ba."

Auta ya san Yaya. Abin da ya shiga gidanta da sunan aro ba ya fitowa, ko tukunya ce balle uba. Ya kuma san Baba: in aka raba shi da ɗakin nan, an raba shi da abu na ƙarshe da yake tuƙawa da kansa.

Akwai wani abu guda da Auta bai gaya wa kowa ba, ba don yana ganinsa laifi ba, sai don bai kamata mutum ya riƙa tallar alherinsa ba. Kwana biyu kafin faɗuwar ya lura da ramin bakin ƙofar, ya ninke kwali ya cusa a ƙarƙashin leda, ya cike shi tsaf. Da Baba ya faɗi daidai wurin, Auta ya zauna ya yi nazari irin na masu ilimi, ya gano cewa kwalin ne bai wadatar ba.

Birkilan ya zo washegari da safe, gajeren mutum mai tsadar magana, da cokalin gini a aljihun baya da wani siririn tiyo mai ruwa a ciki rataye a wuya. Ya ba Auta baki ɗaya na tiyon ya ce ya riƙe a jikin bango, shi kuma ya zaga da ɗaya bakin kusurwa-kusurwa, yana jiran ruwan ya natsu sannan ya ja layi da fensir.

"Tsakanin ƙofa da taga akwai yatsa huɗu," ya ce. "Wa ya yi daɓen nan?"

"Mutum uku ne, a lokuta daban-daban."

"Da gani ba sa ga maciji da juna."

Ya durƙusa a kan tudun da guduma zai fara sara, sai ya tsaya ya shafa shi da tafin hannu. Tudun yana sheƙi, sumul, kamar ƙotar tsohuwar fartanya.

"Wannan wani yana bin kansa kullum. Ka ga yadda ya goge? Ko ta cikin leda ƙafa ta ci shi."

"Ka gani ko?" in ji Auta. "Shekara shida yana taka haɗari ba mu sani ba. Sare shi."

Birkilan ya sare shi. Ya share ƙura, ya jiƙa ƙasar, ya ɗiga siminti a kusurwoyi da tsakiya daidai tsayin layin fensir don su zame masa shaida, sannan ya zuba kwaɓin yashi da siminti a tsakaninsu yana ja da dogon katako, yana ja da baya har ya fito ta ƙofa. Ramin ya tafi, gangaren ya tafi. Ɗakin ya kwanta fayau kamar ruwan kwano. Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana jin irin daɗin da yakan ji in ya ga jadawali ya cika ba gurbi.

"Kwana bakwai," in ji birkilan yana wanke cokali. "Uku na farko a yayyafa masa ruwa safe da yamma. Kada kowa ya taka. Kada a sa masa fanka."

"Bakwai? Yau kwana uku ke nan. Yayata kwana goma ta ba ni."

"Siminti bai san Yayarka ba, Oga."

Daga ranar Auta ya kasa zama wuri ɗaya. Ya koma ofis, amma kujerar ta zame masa kamar an zuba mata ƙaiƙayi. Ya buɗe fayil ya rufe. A taron sashe aka tambaye shi ra'ayinsa kan wani daftari, ya ce a ba shi lokaci ya bushe. Sau uku a rana yakan kira matarsa ta leƙa ɗakin ta gaya masa launin daɓen.

"Toka-toka ne, kamar ɗazu. Ko in ɗauki hotonsa in turo maka ka sa a aljihu?"

"Toka-toka mai duhu ko mai haske?"

"Baban yara, ina da aiki a wuta."

Da ya dawo da yamma kafin ya cire takalmi yakan tsuguna a bakin ƙofar, ya danna daɓen da babban yatsa, ya shinshina, ya miƙe, ya zaga gidan, ya dawo ya sake dannawa ko an samu ci gaba a cikin minti biyar ɗin. A rana ta biyar ya kasa daurewa, ya kinkimo fankoki biyu ya kafa su a ƙofa. Allah ya kawo birkilan karɓar katakonsa da ya manta, ya tarar da su suna ta kaɗawa. Ya bi waya ya zare su daga soket.

"In kana so ya tsattsage ka gaya mini, in zo da guduma. Ya fi sauri."

A rana ta shida Auta ya hau benen Yaya. Gidan tsaf yake kamar ɗakin tiyata, tayil fari tun daga falo har kicin, ba inda ƙasa ta ɗaga ko ta sauka. Ya tarar da Baba a kujera a tsakiyar falo, hannuwansa bisa gwiwoyi, an sa masa sababbin silifa masu ƙasan roba. A ɗakin baƙi kuma ya hango sabon gado mai ƙarfe a gefe, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Mai niyyar riƙe baƙo kwana goma ba ya sayen gado.

"Auta ne?" in ji Baba. "Matso. Likita tana kusa?"

Haka yake kiran Yaya tun ranar da ta fara sa fararen kaya.

"Tana kicin."

"To ka fitar da ni daga nan. Tun safe nake kan kujerar nan. In zan zaga sai an ja ni kamar rago, a tsaya mini a bakin ƙofa ana tambayata ko na gama. Ko'ina iri ɗaya ne a gidan nan, kamar an ajiye mutum a tsakiyar faranti." Ya laluba ya kama hannun rigar Auta. "Wai me ake yi a ɗakin nawa har kwana shida? Leda ce fa kawai za a canja."

Maganar ta zo wa Auta har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Ya fi so tsohon ya tarar da abin da kansa. Rabon da ya yi wani abu Baba ya yaba tun ranar da ya ci jarrabawar tuƙi, ita ma sai da aka ce sa'a ce.

"Sai ka zo ka ga... ka ji da ƙafarka, Baba."

Yaya ta fito da kofi a hannu. "Ya aikin? Saura kwana huɗu. Ka ga yadda ya murmure a nan? Har kumatu ya yi."

"Kumburin zama ne," in ji Baba.

A rana ta takwas mai kafet ya zo dubiya. Ya yanko ledar shago mai faɗin tafin hannu biyu, ya manne ta a tsakiyar daɓen da salatef ta kowane gefe, ya ce a bar ta ta kwana. In ta yi gumi, akwai sauran ruwa a ciki. Da safe Auta ya durƙusa ya tarar da ita jiƙe sharkaf. Ya yi tunanin goge ta da hannun riga kafin mai kafet ya iso, har ya ɗaga hannun, sai ya tuna cewa Baba ne zai cutu. Aka sake manna wata. Ita ma zuwa yamma ta yi gumi, amma kaɗan. Aka manna ta uku.

Safiyar rana ta goma mai kafet ya ɗaye ledar, ya ɗaga ta a hasken taga, ya juya ta, ya shafa wurin da bayan hannu. Auta yana tsaye a kansa yana sauya ƙafa.

"Ya yi. Da son samu ne a ƙara masa kwana biyu, amma na ga in aka ƙara kai ne za ka tsage."

Ya share ɗakin, ya shimfiɗa soso, ya warware kafet ɗin a kai, ruwan ƙasa mai kauri, yana tura shi da gwiwa zuwa jikin bango, yana bin gefe da wuƙa, yana shafa gam. Da yake daɓen ya ɗan tashi, ƙofa ta ƙi rufuwa, sai da aka kira kafinta ya rage mata ƙasa. Auta dai ba a kama shi da sakaci: tun ranar farko ya ɗauki hoton ɗakin ta kowace kusurwa, don haka gado da kujera da kabad da teburin rediyo duk suka koma inda suke, ko da tsinke ba su goce ba. Ya taka ɗakin daga bango zuwa bango ido rufe, bai ji komai a ƙarƙashin ƙafarsa ba sai laushi. Ya zauna a bakin gado. Rabonsa da zama irin wannan tun ranar faɗuwar.

Bai yi minti biyu ba ya ji ƙarar motar Yaya.

Ita ta fara shiga. Ta cire takalmi, ta bi ɗakin a tsaye, ta bi shi a kwance, ta danna bakin ƙofa da diddige, ta duba gefen banɗaki ko kafet ya ɗaga.

"Ba laifi," ta ce. A bakin Yaya wannan lambar yabo ce.

Ta koma baranda ta kamo hannun Baba. A bakin ƙofa ya zare hannunsa, ya tuɓe silifan roba ya ture su gefe da ƙafa kamar mai sallamar baƙon da ya daɗe. Ya sa ƙafar dama a ciki. Ya tsaya. Ƙafar ta ɗan zaga a kan kafet, gaba, gefe, ta dawo. Ya sa ta hagu, ita ma ta zaga.

"Ina ne nan?"

"Ɗakinka ne, Baba," in ji Auta, murmushinsa bai gama sauka ba.

Baba ya yi taku uku, ya yi na huɗu a karkace, na biyar ya kai shi ga kabad, kafaɗarsa ta bugi ƙofarta har madubin ya girgiza. Sai hannuwansa suka tashi gaba suna lalubar iska. Shekara shida Auta bai taɓa ganin hannuwan nan sun tashi a cikin ɗakin nan ba. Tsohon ya juya zai nufi taga, ya nufi bango. Ya sake juyawa, gwiwarsa ta ci karo da teburin rediyo, Yaya ta yi wuf ta tare shi.

"Ya isa. Auta, ka yi ƙoƙari, ban raina ba. Amma ka gani da idonka. Ba daɓen ba ne, Baba ne ƙarfin ya tafi. Jakarsa ma tana but ɗin mota ban sauke ba. Baba, mu je."

Baba bai je ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, a tsakiyar sabon kafet, ya miƙe ƙafafu, ya shiga shafa wurin da tafukan hannu biyu.

"Ina ramina?"

"Wane rami, Baba?"

"Na bakin ƙofa. Da tudun banɗaki. Da gangaren taga. Wa ya kwashe mini su?"

"Daidaita ɗakin aka yi," in ji Auta. "Da siminti. Don kada ka sake faɗuwa."

Baba ya ɗaga fuska zuwa inda muryar ta fito.

"Shekara talatin da biyar ina kan titi, Auta. Ban taɓa ɓata a hanya mai rami ba. Rami shi ke gaya maka saura kaɗan gada, shi ke gaya maka ga kwana nan tafe. Sabuwar kwalta ita ke kashe direba, don ba ta gaya masa komai. In na sauko daga gado, ƙafar dama ta hau tudu, in bi shi ya kai ni banɗaki. In na ji ƙasa ta fara ja na, taga ce, taku uku ga kujera. In na faɗa rami, ƙofa ce, sai in kauce da kafaɗar hagu. To yanzu wa zan tambaya?"

"Amma ai a ramin ka faɗi," in ji Yaya.

"A'a, Likita. Rashin ramin ne ya kayar da ni. Na taho ƙafata tana nemansa ba ta same shi ba, na ce saura taku ɗaya. Ashe na iso. Na dai san wani ɗan albarka ne ya cike mini shi."

Auta ya dubi taga, ya dubi kabad, bai samu inda zai ajiye ido ba.

"Kwali ne, Baba. Ni na sa."

Yaya ta juyo ta dube shi tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ta saba yi wa ɗaliban jinya.

"Digiri biyu," ta ce.

A baranda mai kafet yana tattara guntayen da suka rage, yana yi a hankali don kada wata kalma ta wuce shi. Baba ya karkata kunne.

"Wa ke can yana motsi da kaya?"

"Mai kafet ne, Baba. Sannu da jiki."

"Yauwa, ɗan samari. Zo ka mayar mini da ramina."

"Baba, ni gyara na koya. Shekara goma sha takwas ina wannan sana'ar, ba a taɓa kira na in ɓata ɗaki ba."

"To yau ka ƙaru."

Mai kafet ya shigo yana sosa ƙeya. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ja gefen kafet da farce, ya ɗago. Gam ɗin bai gama kamawa ba. Ya dubi soson da ke ƙasa, ya danna shi, ya saki.

"Simintin dai ba mai fasa shi. Amma in na yanke soson nan zagaye, kafet zai ɗan faɗa. Ba zai kai na da zurfi ba, ƙafa dai za ta ji. Tudun kuma in ninka guntun kafet siriri in manna a ƙasa, in rage masa gefe don kada ya harɗe mutum."

"A gabana?" in ji Yaya. "A gabana za ku haƙa wa marar gani rami?"

"Likita," in ji Baba, "ke kin san ciwon mutane. Ni na san ƙafata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"In ka sake faɗuwa fa?"

"Ki ɗauke ni, ba zan ce uffan ba. Amma ki bari in faɗi a hanyar da na sani."

Yaya ta harɗe hannu ta jingina da bango, ta duba agogo kamar mai ƙirga bugun jini.

Aka sake janye gado da tebur. Auta, wanda ya yi kwana bakwai yana gadin daɓen nan kamar ƙwai, shi ne ya riƙe kafet a sama yana gumi, mai kafet yana yanka a ƙasa. Ya so ya fito da hotunan wayarsa don a bi su, sai ya tarar ya ɗauki kowane kaya na ɗakin amma bai ɗauki ƙasa ba. Baba ne ya ba da awo, yana zaune a bakin gado.

"Daga dokin ƙofa tafin ƙafa ɗaya da rabi. Tafina, ba naka ba, kai ƙafarka kamar ta agwagwa. Faɗinsa ya ɗauki ƙafa biyu a haɗe. Tudun kuma ba daga tsakiyar gado ya fara ba, daga ƙafar gadon ta wajen kai."

Sau biyu ya sa aka ɗaga tudun aka matsar da shi. Gangaren taga ne ba yadda za a yi da shi, yana ƙarƙashin yatsa huɗu na siminti. Mai kafet ya manna wani ɗan guntu a gicciye, taku uku kafin kujera. Baba ya taka shi, ya taɓe baki.

"Wannan ba nawa ba ne. Amma zan koya."

Aka mayar da kafet, aka danne gefe, aka mayar da kaya. Mai kafet ya miƙe ya dubi aikin nasa da ido irin na wanda aka sa ya yi shaidar zur.

"Oga, don Allah in an tambaye ka wa ya yi maka, ka ce ba ka riƙe sunansa ba."

Yaya ta sauke hannu. "Daga gado zuwa banɗaki. Ba hannun kowa, ba dafa bango. Ina kallo."

"Ba kya kallo," in ji Baba. "Numfashinku ma ya cika mini hanya. Ku fita ku ja mini ƙofa. Sabuwar hanya ce, ni kaɗai zan bi ta."

Suka fita. Auta ya ja ƙofar, amma bai saki mariƙin ba. Da ledar da ce, da sun ji kowane taku, ɗas, ɗas. Kafet ɗin da ya zaɓo da kansa, mafi kauri a shagon, ya haɗiye komai. Ya manna kunne a jikin katako. Ya ji gado ya yi ƙara, alamar an tashi, daga nan babu. Ya ƙirga goma. Ya ƙirga ashirin. Wani abu ya ɗan yi ƙwas, ko gwiwa ce da tebur, ko tsuntsu ne a kan rufi. Hannunsa ya fara murɗa mariƙin.

Yaya ta kama masa wuyan hannu ta riƙe gam. Tafinta a jiƙe yake.

"Tsaya," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Suka tsaya. Mai kafet ma ya tsaya da guntaye a hammata. Can sai aka ji famfon banɗaki ya tofa iska sau biyu, ruwa ya fara zuba a bokiti.

Yaya ta saki hannunsa, ta goge nata a jikin mayafi, ta buɗe jaka ta daɗe tana lalube kafin ta fito da makullin mota.

"Jakarsa tana but. Ka sauko da ita." Ta miƙa masa, sannan ta ɗan ja hannun baya. "Magungunansa suna wurina. Na sati-sati zan riƙa kawowa, kuma ba zan faɗi ranar zuwa ba. Kai kuma, Auta, duk abin da ka gani a ɗakin nan ya karkace, ka sa hannunka a aljihu ka wuce."